Kakannin Wasu a Wayata

Zan iya jero muku kakannin wata tsohuwar Baturiya har hawa tara, da garin da aka binne kowannensu, ba tare da na duba takarda ba. Nawa kuwa a na uku nake tsayawa. Ta wajen mata ma da ƙyar nake kaiwa nan. Akwai lokacin da amsar tana cikin wayar nan da nake rubutu da ita, da muryar kakata, kuma ni na sa yatsa na goge.

Aikin kula da tsofaffi nake yi, kamar yawancin matan benenmu. A Highbridge muke, cikin Bronx a birnin New York, hawa na biyar, ni da iyayena. A Zangon Kumasi aka haife ni, ina shekara sha ɗaya aka kawo ni. Baba tasi yake ja tun kafin in zo. Kaka, mahaifiyarsa, tana can gida tare da Goggo, ƙanwarsa.

Farkon sanyi ejensin da ke ba mu aiki ta tura ni wajen tsohuwar. Gidan yana ƙetaren kogi, in na bi ta gadar ƙafa ko bas ba na nema. 'Yarta ce ta ɗauko ta daga gonarsu a Kansas bayan ta faɗi ta karya ƙugu. 'Yar tata malama ce, kullum jaka a kafaɗa kofi a hannu, magana ma a tsaye take yi. Tsohuwar ba ta son garin nan ko kaɗan. Sai ta zauna bakin taga ta ce an yayyanka sama an ba kowa ɗan guntu.

Ranar farko ta ƙura wa mayafina ido, har na fara shirin jin abin da na saba ji. Sai ta ce kakarta ma ba ta taɓa fita kai a buɗe ba. Ta ce su 'yan Menonait ne. Ban taɓa jin sunan ba. Ta ce Kiristoci ne, amma ba sa ɗaukar bindiga, ba sa rantsuwa, ba sa yi wa jariri baftisma sai ya girma ya ce yana so. A kan bindigar nan suka yi ta ƙaura.

Sai ta nuna min kujera. "Zauna. Mu in mun haɗu da mutum ba aikinsa muke tambaya ba. Waye babanki?"

Na faɗa.

"Babansa fa?"

Na faɗa.

"Nasa baban?"

Na faɗa, har da ɗan taƙama, na ƙara da cewa daga Kano ya zo.

"Matarsa fa? 'Yar gidan wa ce?"

Na ce ban sani ba.

"To uwar kakarki?"

Nan ma ban sani ba. Ta ce a wajensu haka ake yi, a yi ta tambaya ana hawa sama har sai an gano inda aka haɗa jini, ko da a tashar mota aka gamu. Na ce mu ma muna da shi, a Zango ba a gama sanin mutum sai an ce ɗan gidan wane ne.

Ta ce, "To ya aka yi naki ya ƙare da wuri haka?"

Na yi dariya, na tashi na ɗora mata shayi.

A ƙarƙashin gadonta akwai akwatin katako. A ciki akwai Baibul na Jamusanci mai nauyin jariri, shafukan farko cike da sunaye, tawada kala-kala, hannu daban-daban. An haifi wane, ya auri wance, ya rasu a gari kaza. Ga wasiƙu ɗaure da zare, ga hotuna, ga takardar jirgin ruwa da ta zama kamar busasshen ganye. Burinta ɗaya ne, a haɗa su a yi littafi kafin taron dangi da za su yi in zafi ya shigo. Idonta ya yi rauni, 'yarta ba lokaci. Ni ke da ido, ni ke da waya.

Wannan ba ya cikin aikina. Aikina wanka, magani, abinci, sai in riƙe ta mu taka zuwa ƙarshen baranda mu dawo. Ba wanda ya tilasta ni. Ni na so. In ɗauki hoton shafi, in buɗa shi da yatsu biyu, in karanto mata harafi bayan harafi. Wanda ya gagare mu in tura wa wani ɗan'uwanta a Kanada da ya iya tsohon rubutun nan nasu mai kama da tafiyar tsutsa.

Haka na haddace hanyarsu. Daga ƙasar Holan suka taso. Suka zauna bakin wani kogi a inda yanzu ake kira Polan, suna janye ruwa daga fadama suna noma. Da sarkin wurin ya fara matsa musu a kan aikin soja, suka ɗaure kaya a keken doki sai kudancin Rasha, inda yanzu Yukren ne. Aka yi musu alkawarin ba za a taɓa 'ya'yansu ba. Aka yi 'ya'ya aka yi jikoki, aka janye alkawarin. Sai jirgin ruwa, suka sauka nan New York, ko kwana uku ba su yi ba suka hau jirgin ƙasa zuwa Kansas. Tsohuwar ta ce sun yi hankali da ba su tsaya ba.

Wata rana ta sa ni na yi mata burodinsu, ƙaramin curi a kan babba. Ta ce shi matan suke gasawa sau biyu har ya bushe ƙamas, su cika buhuna, shi ne guzurin hanya. Tana zaune a kicin tana min faɗa wai hannuna ya cika sauri, kulli ba ya son mai gaggawa. Tana cikin haka ta ce, "Kakarki tana da rai?"

Na ce tana nan, bakinta ya fi nawa kaifi.

Ta ajiye cokali. "Kina da kaka mai rai, kina zaune nan kina karanta min matattuna? Nawa ba inda za su. Taki fa?"

A kan gada, a hanyar komawa gida, na tura saƙon murya wayar Goggo, don Kaka ba ta da tata. Na ce Kaka, ina so ki ba ni labarin asalinmu tun daga farko, har da na mata. Kira ba ya yiwuwa, in na tashi aiki su sun kwanta.

Washegari amsa ta zo, minti tara. Ukun farko gaisuwa ce da tsiya.

"Ƙawata Ba'amurkiya, yau an tuna da ni? Na ɗauka sai na mutu za ki aiko da hotonki kina kuka. Me za ki yi da asali, a miya za ki sa? Ke da ko tuwo ba ki iya tuƙawa."

A bayanta ina jin rediyo, ina jin mai koko tana talla, ina jin akuyar maƙwabta. Na saurara sau uku.

Daga nan kullum da hantsi sai ta aiko. Ta fara da maza. Fatake ne, da jakuna, suna zuwa sayen goro. Kakanta ya zauna a Salaga, babbar kasuwar goro arewa da Kumasi, da garin ya watse ya gangaro Kumasi. Ta faɗi wanda ya gina ɗakin farko a gidanmu, da wanda ya tafi Makka a ƙafa bai dawo ba, da wanda ya auri mata bakwai ɗaya bayan ɗaya ba wadda ta iya zama da shi saboda rowa. Nan na san sunan uwarta. Ina zuwa aiki ina ba tsohuwar labari, tana tafa hannu a kan bargo tana cewa, "Kin gani? Ci gaba."

Saƙo na shida ranar Lahadi ya zo. Ina falo ina gugar yunifom, na sa shi a sifika. Baba yana kishingiɗe a kujera, hularsa a kan gwiwa, ido a rufe. Na ɗauka barci yake.

Muryar Kaka ta yi ƙasa. Ta ce, "Yanzu na zo kan matan da kika ce. Ke, riƙa min abin nan a kan matashi ki ba ni wuri." Da Goggo take. Na ji ƙarar ƙofa. Sai ta ci gaba.

"Kakata, wadda ta haifi uwata, ba Bahaushiya ba ce. Ba da son ranta ta zo Salaga ba. Da igiya ta zo, tana yarinya. Kakana ya saye ta, yadda ya sayi jakinsa. Sunan da ake kiranta da shi, shi ya sa mata. Tana da nata. Tana da zane a fuska wanda ba irin namu ba. In tana daka sai ta ɗauko wata waƙa da ba wanda ya san yarenta. Ni ce mai kwana a bayanta, ni kaɗai ta faɗa wa sunanta da sunan garinsu. Gobe in na karya zan faɗa miki, har waƙar, in muryar ta yarda."

Baba bai buɗe ido ba ya ce, "Kashe."

Saƙon ma ya riga ya ƙare.

"Wa ya sa ki?"

"Ni na tambaye ta."

Ya tashi zaune. "Tsufa ne ya kama ta. Mu 'ya'ya ne, gaba da baya."

"Baba, ai ba laifin matar ba ne."

"Na ce laifinta ne? Ke kin san garin nan kuwa? Duk Kumasi tana Bronx. Mutum ya yi tari a Highbridge, kafin la'asar an ji a Park Hill. Ranar da wani ya zo neman aurenki, danginsa za su yi bincike. Me kike so su samu?"

"Gaskiya."

"Gaskiya." Ya maimaita kamar na ba shi abu mai tsami. "Tsohuwar nan ta cika miki kai. Su in sun tona, gona suke samu da coci. Ke igiya za ki samu."

Mama tana kicin, ta buɗe famfo da ƙarfi. Baba ya sa hularsa ya shiga ɗaki da waya a hannu. Na ci gaba da guga, har na ƙona bakin aljihu.

Abin da ya biyo baya ba zan ɗora wa Baba ba. Ina da abin sawa a kunne. Ina da gada, zuwa da dawowa, ba mai jina sai tantabaru. Saƙo na bakwai ya zo washegari, ban buɗe ba. Na ce irin wannan ba a jin sa a guje, sai ranar hutu, in zauna da biro da littafi, yadda nake yi wa na tsohuwar. Ranar hutu ta zo na karɓi wani shif na aiki. Wata ta zo na tafi suna. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. In na ji sunan, ya zama kaya a kaina, sai na san inda zan kai shi. In ban ji ba kuwa, yana nan a ajiye, ba wanda zai ce na yi wa Baba rashin kunya, ba wanda zai ce na ƙi Kaka.

Saƙonni suka taru, goma sha ɗaya. Kowanne in ya zo sai in amsa, "Na ji, Kaka, Allah ya ƙara lafiya."

Akwai guda ɗaya gajere, shi na buɗe don na ga ba zai ɗauki komai ba.

"Kin ji? To me na ce? Maƙaryaciya, kamar kakanki. Ki dai saurara, ƙawata. Ba kullum nake da numfashin nan ba."

Na yi dariya ni kaɗai a layin kantin magani. Na ce Asabar zan saurari sauran.

Ranar Alhamis 'yar tsohuwar ta dawo da rana tsaka, abin da ba ta saba ba, riƙe da babban ambulan. Wasu dangi ne suka ba da aron wasiƙun ƙarshe, na lokacin da ake Rasha. Ta ce yau za ta mayar da su ta gidan waya, mai buga littafin kuma yana jira. Ko kwat ba ta cire ba. Muka baje su a teburin bakin taga don a samu haske.

Na ɗauki shafi huɗu, waya ta ce ta cika.

Na shiga na duba abin da ya fi cin wuri. Hirata da Goggo ce a sama. Goggo ba ta ganin bidiyo ta bar shi, na biki, na wa'azi, na mai maganin basir, fure mai walƙiya na barka da Juma'a, shekara da shekaru suna nan jibge. A tsakaninsu muryar Kaka take.

'Yar ta ce, "Akwai matsala ne?"

Na ce babu.

Da na iya bi ɗaya bayan ɗaya in tsince bidiyon. Da minti goma ya isa. Da na iya cewa ta ba ni tata wayar, tana hannunta. Amma tana tsaye a kaina tana duba agogo, ni kuma na saba a gidan nan ni ce wadda ba ta kawo matsala. Na danna zaɓi duka. Wayar ma ta tambaye ni ko na tabbata. Na san abin da ke ciki. Na ce a raina ai suna wayar Goggo, sai ta sake turowa. Na danna.

Wuri ya samu. Na ɗauki sauran tas. Daga baya ɗan'uwan na Kanada ya fassara su: an yi sanyi bana, saniya ta haihu, wane yana fama da tari, a gaida kowa.

A cikin ambulan ɗin akwai hoto ɗaya. Iyali ne a gaban gida, maza da gemu, mata da ɗankwali. A gefe wata mata tana tsaye ba takalmi, riƙe da jariri. A bayan hoton an rubuta sunan kowa, har jaririn. Ban da ita. Na tambayi tsohuwar, ta kai shi kusa da hanci ta ce, "Mai aiki ce. 'Yar ƙasar ce, ba tamu ba."

'Yar ta leƙo ta ce, "Yanke gefen nan, zai fi zama daidai a shafi. Jaririn akwai wani hotonsa."

Na yanke. Da yatsu biyu, ko minti ɗaya ban yi ba.

Da yamma a kan gada na tura wa Goggo cewa wayata ta samu matsala, ta sake turo min saƙonnin Kaka. Ta ce to, in ta sa data. Bayan kwana biyu na tuna mata. Ta aiko min da fure mai walƙiya.

Sati bai cika ba Kaka ta faɗi a wajen alwala. Ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Goggo ta kira ni ta bidiyo daga asibiti, ta kai wayar kusa da fuskarta. Idonta yana nan yadda na san shi, tar. Na ce, "Kaka, na ji saƙonninki duka."

Ta ɗaga hannun da ke motsi, ta kaɗa min yatsa ɗaya. Haka take min tun ina ƙarama in na ce na yi sallah alhali ban yi ba.

Ta yi kwana goma sha biyu a haka, ta rasu.

A falonmu aka yi zaman makoki. Takalma har kan matakala. Duk Kumasin da Baba ya ce tana Bronx ta zo, ba ƙarya ya yi ba. Ana ta cewa Hajiya 'yar babban gida ce, 'yar asali. Ina raba ruwa da dabino ina cewa amin.

Bayan sadakar uku na kira Goggo. Muka yi kuka, muka yi addu'a. Sai na ce, "Goggo, saƙonnin nan. Don Allah yau."



"'Yata, babu su."

"Kamar ya babu su?"

"Yaya ya kira ni tun ranar Lahadin nan. Ya ce kar in sake barin zancen nan a wayata."

"Amma ai kin ci gaba da turowa."

"To ya zan yi? Uwa ta ce in tura, Yaya ya ce in goge. Na yi wa kowa nasa. In ya tafi wajenki sai in share nawa."

"Ke ba ki ji abin da ta ce ba?"

"Korata take yi. Ni kuma ban laɓe ba. Na ɗauka suna wajenki."

Wato ranar da nake tsaye a teburin bakin taga, nawa ne kaɗai suka rage a duniya.

Na kai wayar shagon wani mai gyara a bakin titinmu, mutumin Nijar. Ya jona ta da kwamfuta, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Hajiya, da kin kawo ranar, wataƙila. Kin ɗauki hotuna bayan nan?" Na ce da yawa. Ya ce to sun hau kan wurin. Bai karɓi komai ba, ya ce Allah ya ba da haƙuri.

Da safe na samu Baba yana shan shayi kafin ya fita da mota. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, don kar ya ce na tsaya masa a ka.

"Goggo ta faɗa min."

"To."

"Sai ka faɗa min sunan da bakinka."

Ya hura shayin da ya riga ya huce.

"Ban sani ba."

"Baba."

"Wallahi ban sani ba. Tun ina yaro, in ta ɗauko zancen sai in tashi in fita."

"Garin fa?"

"Arewa dai."

"Arewa ina? Arewa ai faɗi gare ta."

Sai ya kalle ni, karo na farko tun da na zauna. "Ke ai an ba ki. Har hannu aka kawo miki. Ina kika kai?"



Ya ɗauki makulli. A bakin ƙofa ya ce, "Asiri na rufa miki. Wata rana za ki gode min." Ban ce masa a dawo lafiya ba. Shi ne karo na farko.

Littafin ya fito kafin taron, kamar yadda tsohuwar ta so. Mai kauri, koren bango, da taswira a ciki, jan layi daga Holan har Kansas. Duk hoton da ke ciki ni na ɗauka. A shafin godiya an jero sunaye, na Kanada, mai bugawa, waɗanda suka ba da aron wasiƙu. A ƙarshe aka ce, da mai kula da mahaifiyata. Na ce wa kaina ban damu ba. Na karanta layin ya fi sau biyar.

Da suka dawo daga taron, tsohuwar ta fara rikicewa. Wata safiya ina sa mata safa ta kalle ni kamar yau ta fara ganina. Ta nuna min kujera.

"Zauna. Waye babanki?"

Na bi ta da shi. Baba, babansa, nasa baban. Ta juya wajen mata. Na faɗi Kaka. Na faɗi uwarta, wannan karon ina da shi.

"Ita kuma uwarta?"

"Ban sani ba."

"Tambayi kakarki mana."

"Ta rasu."

Ta shafa bargo. Sai ta ce in miƙo littafin. Ta laluba, ta nuna min wani wuri a cikin jerin sunayen inda babu suna, sai layi kawai a miƙe. Ta ce su in suna ya ɓace ba sa tsallakewa. Layi suke ja, su bar wurin, don na baya su san akwai mutum a nan.

Na tuna matar da na yanke. Ita ko layi ba a ja mata ba. Na kalli tsohuwar da safa ɗaya a ƙafa. Na sa mata ɗayar.

Ta ba ni kwafi ɗaya kyauta. A ƙarshensa akwai fararen shafuka, wai don jikoki su ci gaba da rubutawa. Ranar da na kawo shi gida na buɗe na ƙarshe. Na rubuta sunana, na Baba, na Kaka, na uwarta. A samansu na ɗora katin shiga jirgin ƙasa a matsayin rula na ja layi. A gefen layin na rubuta: An saye ta a Salaga. Tana da zane a fuska. Tana waƙa in tana daka.

Iyakar abin da nake da shi ke nan. Na bar littafin a buɗe a teburin falo.

Da safe na same shi a rufe, a kan firiji, an ɗora masa ledar burodi. Baba bai yage shafin ba, na duba. Na sauko da shi na buɗe na mayar teburi. Washegari yana kan firiji.

Muna gaisawa, ina zuba masa abinci, yana tambayata aiki. Ba wanda ya taɓa ambaton littafin. Mama in tana share teburi sai ta zagaye shi.

Yau da safe ma na sauko da shi.